Kada Mu Sayar da Tafireta a Kan Sikeli

A ɗakunan ajiya na ƙungiyoyinmu na gama kai, daga ƙasar Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, har can Babura bakin iyaka, akwai wani kaya da ya daɗe yana kwance ba mai waiwayarsa. Tafireta ke nan, wadda waɗansu ke kira keken rubutu. Wata tana bayan buhunan taki, wata tana bisa kabad, zanzaro ya yi gini a cikinta. Waɗansu na hannu ne, waɗansu kuwa masu aiki da lantarki, an gaje su daga ofishin mishan ko makaranta, ko kuwa an saye su gwanjo sa'ad da ofisoshi suka koma ga kwamfuta. Yanzu ga 'yan gwangwan suna zaga ƙauyuka da sikelinsu, kome na ƙarfe suna so. Mun ji a taro fiye da ɗaya ana cewa a ba su kawai, a sami na sayen littafin rasit. Mu dai ba mu goyi bayan a yi haka da gaggawa ba. Za mu faɗi dalilanmu, za mu kuma faɗi inda muka tsaya, gama ba kowace tafireta ce ta isa a kashe mata kuɗin manoma ba.

Bari mu fara da abin da ƙungiya ke rayuwa a kai. Manomi yana rayuwa da ruwan sama da ƙasa, amma ƙungiyar gama kai da takarda take rayuwa. Tun dokar farko ta ƙungiyoyin gama kai a Nijeriya, ta 1935, har zuwa wadda aka yi a 1993, hukuma ba ta san ƙungiya ba sai ta wurin abin da aka rubuta: sunayen membobi, dokokin da suka amince da su, rahoton taro, lissafin shiga da fita. Mutum goma suna iya kafa ƙungiya, amma ba za su yi rajista da fatar baki ba. In muka duba ƙungiyoyin da suka watse a yankinmu, za mu tarar ba fari ne ya kashe yawancinsu ba. Gardama ce a kan wa ya karɓi buhu nawa, wa ya biya, wa ya tsaya wa wa. Mutane biyu da suka taso tare sai su daina gaisawa saboda bashin taki na shekara uku da ta wuce, don ba wanda ke da takarda a hannu.

Wani zai ce, ai zamani ya wuce tafireta, ga kwamfuta, ga waya a aljihun kowa. Gaskiya ne, ba mu kuwa ce a jefar da waya ba. Ƙungiyar da ke cikin garin Kazaure, mai kwamfuta da injin buga takarda da wanda ya iya su, ta ci gaba da abinta. Amma mu dubi yadda abin yake a ƙauye. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, membobi da yawa ta wurin masu POS suke biyan kuɗi, su kawo ɗan siririn rasit ɗin nan. Wannan takarda ba tawada ba ce a kanta, zafi ne ke fito da rubutun, zafi ne kuma ke shafe shi. A ajiye ta a ɗaki mai rufin kwano, kafin bazara ta wuce sai a tarar da ita fara fat ko ta yi baƙi. Lissafin da ke cikin wayar magatakarda kuma, ran da wayar ta faɗa rijiya, ko aka sace ta a kasuwa, ko shi magatakardan ya tafi cin rani da ita, lissafin ya tafi ke nan. In kuwa aka ce a kai aikin shagon buga takardu a gari, akwai kuɗin mota, akwai yini guda da ya salwanta, ga shi kuma wani yaro da ba ɗan ƙungiya ba ya karanta sunan kowane mai bashi da abin da ake binsa. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da yawancin Arewa ta kwana fiye da mako guda ba wuta. Janareta kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowa ya san abin da take ci.

To, littafi da biro fa? Suna nan, kuma babban littafin lissafi da hannu za a ci gaba da rubuta shi. Sai dai rubutun hannu yana da masu gardama. Ana iya mai da 1 ta zama 7, ana iya ƙara sifiri a gefe, mai rubutun kansa wani lokaci ba ya iya karanta abin da ya rubuta bara. Tafireta kuwa harafinta yana dukan takarda ya bar gurbi, in an kankare sai ya nuna. Da takardar kabon biyu, bugu ɗaya ya fitar da kofe uku iri ɗaya: ɗaya na mai karɓar bashi, ɗaya na ma'aji, ɗaya a akwatin ƙungiya. Wanda ya so ya canja adadi sai ya bi gida uku. Takardun da aka buga haka tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 har yau ana karanta su sarai, in dai gara ba ta same su ba. Wannan shi ne amfanin da muke magana a kai, ba ƙaunar tsohon kaya ba.

Kafin a taɓa kome, ya kamata a san wace iri ce ke hannu, gama ba ɗaya suke ba. Akwai ta hannu zalla, irin su Olympia da Imperial da Olivetti, wadda ƙarfin yatsa ke ɗaga harafi. Akwai mai lantarki wadda ita ma tana da sandunan haruffa jere kamar haƙoran mataji, sai dai ɗan injin da ke ciki shi ke yin dukan, yatsa taɓawa kawai yake yi. Akwai kuma mai ƙwallo, watau wadda kamfanin IBM na Amurka ya fitar a 1961 da sunan Selectric. Ita ba ta da sanduna, haruffa 88 ne a jikin wani ɗan ƙwallo da bai kai ƙwan kaza ba, yana juyawa yana sunkuyawa ya buga harafin da aka nema. An sayar da fiye da miliyan 13 kafin a daina ƙera ta a 1986. Daga baya aka yi masu faifan haruffa da allon lantarki a ciki, irin na kamfanin Brother, waɗanda rabinsu kwamfuta ne. Manyan masu ƙera tafireta duk sun daina: Godrej na Indiya ya sanar da ƙarewar nasa a 2011, Brother kuma ya ƙera ta ƙarshe a masana'antarsa ta Birtaniya a 2012. Abin da ake yi yau kaɗan ne, yawanci roba. Saboda haka wadda aka fasa da guduma a Babura ba za a sake samun irinta a kanti ba.

Kuskure na fari da akan yi da mai lantarki shi ne a share ta sama-sama a cusa filogi a soket, wai a ga ko tana da rai. Kada a yi. A juya bayanta ko ƙarƙashinta a nemi ɗan allon ƙarfe da aka rubuta ƙarfin wutar da take ci. Wutarmu a Nijeriya tana wajen 230, tana kuma bugawa sau 50 a daƙiƙa. Wutar Amurka 120 ce, sau 60. Injunan da baƙi suka zo da su daga Amurka ko Kanada da yawa na 110 ko 120 ne, dā can da taransifomarsu suke aiki, taransifomar kuwa ta daɗe da ɓacewa. In aka sa irin wannan a wutarmu kai tsaye, hayaƙi ne zai ba da amsa, an gama da ita ke nan. Ko da an samo taransifoma, ita ƙarfin wuta kaɗai take ragewa, ba ta gyara yawan bugun ba. Injin da aka yi domin 60 in ya sami 50, gudunsa yakan ragu da kashi ɗaya cikin shida, yakan kuma fi yin zafi, sai a riƙa ba shi hutu. Bayan allon, a bi wayar wuta daga filogi har ciki. Roba ta shekara arba'in takan bushe ta tsage, ɓera kuma ba ya raina ta. Jikin yawancin waɗannan injuna ƙarfe ne, waya ɗaya da ta kware ta isa ta jefar da magatakarda daga kujera. A sa mai gyaran wuta ya canja wayar tun kafin a yi zancen gwaji.

Sa'an nan sai shara, filogi a cire. A fitar da ita waje a inuwa, a shimfiɗa tsohon buhu, a cire murfin sama da ribin. Mai waya ya ɗauki hoton yadda ribin ya bi kafin a cire shi, gama mayarwa ta fi cirewa wuya. Duk sukurun da aka kwance a sa shi a kwano, kada a bar shi a ƙasa kaji su watsar. Ƙurarmu ta hunturu ita ce babbar abokiyar gāba. Tana da laushi kamar gari, tana shiga ko'ina, in ta gamu da tsohon mai sai ta zama kamar ƙullu, ta bushe ta riƙe ƙarfe. Yawancin injunan da ake cewa sun mutu ba abin da ya karye a cikinsu, wannan ƙullun ne kurum. A sa buroshin fenti busasshe a kakkaɓe, a bi da famfon keke ana hurawa, injin a karkace don dattin ya fita waje maimakon ya ƙara nutsewa. Ginin zanzaro a farfasa shi a hankali da tsinke. Inda ɓera ya yi sheƙa a duba da kyau, gama fitsarinsa yana cin ƙarfe. Wannan aiki kaɗai yakan ci safiya guda, ba a kuwa gaggauta shi.

Haruffan kansu sukan cika da busasshiyar tawada, har a, e da o su riƙa fitowa kamar ɗigo. Maganinsu tsohon buroshin haƙori da sifirit, irin wanda ake samu a kantin magani, da allura don tono cikin harafi. A sa tsumma a ƙarƙashi ya tare abin da ke zuba. Wurin da gindin sandunan ke shiga, inda aka tsattsaga ƙarfe kamar mataji, shi ma a ɗiga masa sifirit ana ɗaga sanda ɗaya ɗaya da yatsa har ta riƙa komawa da kanta. Wata sandar sai an yi mata sau biyar ko shida, a bari ta bushe, a sake. Mun san tsofaffin makanikai da fetur suke wankewa. Ba mu ba da wannan shawara ba, balle ga mai lantarki: fetur yana cin roba, tururinsa kuma yana jiran tartsatsi ɗaya. Kananzir ya fi sauƙin haɗari, amma yakan bar maiƙo wanda ƙura ke bi. Ruwa da sabulu na murfin waje ne kaɗai, bayan an cire shi an kai shi gefe. Sifirit ɗin ma a kiyaye shi daga fenti da madannai.

Zancen mai shi ne inda muka fi ɓarna, domin mun saba da keke da injin niƙa, inda in abu ya yi ƙara sai a zuba masa mai ya yi shiru. Tafireta ba haka take ba. Matajin nan na sandunan haruffa ba a sa masa mai ko kaɗan, a bushe aka yi shi ya yi aiki. Man gyaɗa kuwa, ko da yake shi ne a kusa da mu, daga baya yakan daskare ya zama danƙo, ya kuma kira tururuwa da kyankyaso. Baƙin man mota ya yi kauri. Man fesawa na gwangwani da ake kwance noti da shi yakan sa injin ya saki yau, bayan wata biyu ya kama fiye da dā. Abin da ya dace shi ne man keken ɗinki, ɗigo ɗaya a bakin tsinke, a kan dogon ƙarfen da abin ɗaukar takarda ke gudu a kai, da wuraren da ƙarfe ke juyawa cikin ƙarfe. In an ga man da ido yana ƙyalli, ya yi yawa, a goge.

Gungumen robar da takarda ke naɗewa a kai a goge shi da tsumma mai ɗan sifirit har baƙi ya daina fita. Shekaru da zafin ƙasarmu sukan mai da shi tauri kamar icce, sai harafi ya riƙa huda takarda. Ba mai sake masa roba a kusa da mu, amma akwai dabara mai araha: a riƙa sa takarda biyu, ta bayan ta zama matashi. Ƙananan robobin da ke ƙarƙashinsa masu jan takarda, in sun lotsa, mai gyaran keke yana iya sa musu guntun tiyo.

Mai lantarki tana da bel, wani lokaci biyu, tsakanin injin da abin da yake juyawa. A taɓa shi. In ya tsattsage ko ya saki, a cire a tafi da shi kasuwa a gwada da na keken ɗinki mai lantarki ko zoben roba na masu gyaran famfo, sau da yawa akan dace. Kafin a ba ta wuta a juya injin da hannu a ji ko yana tafiya ba cijewa. Sai a sa filogi, hannu ɗaya a kan makunni. In ta yi gurnani ba ta juya ba, a kashe nan take, gama injin da ya cije yana cin wuta minti kaɗan ya ishe shi ya ƙone. In an ji ƙauri, haka. In kuwa ta tashi da ƙara mai daɗi, a bar ta ta yi ɗumi kaɗan tukuna a fara danna haruffa. A ƙauyen da wuta ke hawa da sauka, kada a haɗa ta ba tare da sitabilaiza ba, kada kuma a bar ta a kunne in ba bugu ake yi ba.

Ribin shi ne abin da mutane ke cewa ba a samu, don haka wai gyaran banza ne. Ga ta hannu da mai sanduna, wannan ba matsala ba ce. Faɗin ribin nasu rabin inci ne, kusan duk iri ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne ƙwaryar da ake naɗe shi a kai, saboda haka kada a yar da tsofaffin ƙwarya ko da ƙyallen ya ruɓe. Ana iya warware ƙyallen tawada na injin lissafi, ko na tsohon injin buga takarda mai allurai irin na bankuna, in faɗin ya yi daidai, a naɗa a kan tsohuwar ƙwarya. Masu buga takardun rantsuwa a bakin waɗansu kotuna har yanzu suna da tafireta, a tambaye su inda suke samun nasu. A guji jiƙa ribin da tawadar hatimi mai ruwa, tana sa haruffa tsatsa.

Yanzu ga inda muka tsaya. Ta hannu, in dai jikinta bai karye ba, a gyara ta, ko da ta yi shekara talatin a kwance. Kuɗin gyaranta bai wuce na kwalbar sifirit da man keke da ladan mai gyara ba, ba ta kuma tambayar ko an kawo wuta. Ita ce ta dace da ƙauyukan Gwiwa da Roni da ke nesa da turakun lantarki. Mai lantarki mai sanduna, a gyara ta in injinta yana da rai, in kuma ƙungiya tana da wuta tabbatacciya, ko ta gari ko sola mai inbata. Tana da alheri guda da ta hannu ba ta da shi: kowane harafi da ƙarfi ɗaya yake sauka, kofe na uku yakan fito sarai ko da mai bugun sabon koyo ne. In injin ya ƙone, a tsaya nan. Kada a shiga neman naɗin waya da kuɗin da aka tara domin iri.

Mai ƙwallo kuwa, da nauyin zuciya muke cewa ba ta ƙungiyar ƙauye ba ce. Kyakkyawar na'ura ce, wanda ya taɓa ganin ƙwallon nan yana rawa ba zai manta ba. Amma tana da ɓangarori wajen 2,800, da siraran ɗamarar ƙarfe masu juya ƙwallon waɗanda in ɗaya ta tsinke sai gwani, da wata ƙafar roba a tsakiyar injin wadda takan tsage da tsufa. A zamaninta ma kamfanin ne ke aiko da ma'aikatansa su duba ta a kai a kai. Ribin ɗinta a cikin akwati yake, na musamman. Akwai kuma abin da ma'aji ya kamata ya sani: irin ribin nan mai kama da leda sau ɗaya ake bugunsa, kowane harafi kuma yakan bar siffarsa a jiki, har wanda ya tsinci tsohon ribin yana iya karanta wasiƙar da aka buga daga farko zuwa ƙarshe. In an tarar da irinsa a cikin injin, a ƙone shi. In mai ƙwallo ta tashi bayan shara da sabuwar waya, madalla, a more ta har ran da ta tsaya. In ba ta tashi ba, kada a bi ta da kuɗi. Haka ma masu allon lantarki a ciki: in allon ya mutu, magana ta ƙare.

Akwai wani abu da muke roƙo a duba kafin a yanke wa kowace tafireta hukunci, watau ko tana da haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Tun shekarun 1930 ake rubuta Hausar boko da su, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939 ta taimaka suka zauna, a shekarun 1980 kuma Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara jerin haruffa 33 domin harsunan Nijeriya, su ma suna ciki. Duk da haka yawancin injunan da suka shigo ƙasar nan na Turanci ne. Waɗansu ofisoshin da ke buga littattafai da wasiƙu da Hausa sukan sa a cire haruffan da ba a cika bukata ba, kamar ½ da ¼, a liƙa masu lanƙwasa a gurbinsu. Wadda aka yi wa haka ba ta da yawa, ba ta kuwa da farashi a kan sikeli. In ƙungiya ba ta iya riƙe ta, makaranta ko ɗakin karatu ya fi cancanta da ita.

Wadda ba ta da su kuma, mai bugu ya bi takardar da biro ya sa lanƙwasar da hannu, a kan kowane kofe, kafin a sa hannu. Kada a ce ƙaramin abu ne. A rubuta a rahoton taro cewa "ma'aji ya bata kudin", bayan shekara biyu a tashi karantawa. Wani zai ce ya ba ta kuɗin, watau matar da ta nemi rance. Wani zai ce ya ɓata kuɗin. Mutuncin bawan Allah yana rataye a kan ƙugiya ɗaya da tazara ɗaya. Masu rubutu a waya ma wannan ciwo yana damunsu, har ya fi.

Wa zai yi gyaran? Masu gyaran tafireta na dā sun tsufa, waɗansu sun rasu, amma hannun da ya iya keken ɗinki ya iya rabin wannan aiki, kowace kasuwa kuwa tana da mai gyaran keken ɗinki. Mai gyaran agogo ya san sifirin da ƙananan sukuru. Mai gyaran fanka ya san ɗan injin da bel. A garin Kazaure akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, 'ya'yanmu da ke karatun lantarki ko na injuna a can suna iya duba waya da inji in sun zo hutu. Akwai kuma tsofaffin akawuna da suka yi ritaya daga ƙananan hukumomi tun kafin a yanke Jigawa daga Kano a 1991, da matan da suka koyi bugu a makarantun koyon aikin ofis. Suna nan cikinmu, ba wanda ya tambaye su. A nemi ɗaya ya zauna da yara biyu, mace da namiji, yamma biyu a mako lokacin rani. Yatsun da suka koyi jerin haruffa a tafireta ba sa sake koyo a kwamfuta, jerin ɗaya ne.

In an gyara, a rubuta a littafin kayan ƙungiya: sunanta, lambar da ke jikinta, ranar gyara, da sunan mutum ɗaya da zai amsa tambaya a kanta. Kayan kowa da kowa ba mai rufe shi, mun ga haka a kan injin ban ruwa da injin casa fiye da yadda muke so mu tuna. Tela ya ɗinka mata riga da yadi mai kauri, ba leda ba, gama leda tana tara gumi da damina. A ɗora ta a kan tebur nesa da taga, nesa kuma da buhunan taki, don gishirin taki yana jawo laima yana cin ƙarfe. Ko ba aiki, a buga layi biyu kowane mako.

Wadda aka tabbatar ba ta gyaruwa, ba shugaba ko magatakarda ne zai sallamar da ita shi kaɗai ba. A kawo maganar gaban taro, a rubuta. A fara cire ƙwaryar ribin, da bel, da sukuru, da madannai, a sanar da ƙungiyoyin maƙwabta ko akwai mai irinta da ke neman ɓangare, gama matattu biyu iri ɗaya sau da yawa sukan tashi rayayya ɗaya. A kuma duba cikin akwatinta da ƙarƙashinta, tsofaffin magatakarda sukan ɓoye takardun yarjejeniya da na filaye a can. Abin da ya rage bayan wannan, shi ne na mai sikeli.

Lokacin wannan aiki shi ne bayan an gama kaka, kafin a fara rabon bashin damina mai zuwa. Kwamitin kowace ƙungiya ya sa shi cikin abubuwan da za a tattauna a taro na gaba, a fito da injin a ɗora a tebur kowa ya gani, a karanta allon da ke bayansa da babbar murya.